Kusurwar Wak Tukiran Ba Ta Saki Ba

A garinmu Parit Kromo, can bayan Muar inda gidaje suka jeru a bakin magudanar ruwa, in ka ji gardama ta kaure a rumfar kofi da sassafe amma murya ɗaya ce ke tashi, to Wak Tukiran ne ya iso. Mutum ne siriri mai dogon wuya, da baƙar hula wadda ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. Ya yi rabin rayuwarsa a ɗaya daga cikin kamfanonin kayan ɗaki da suka cika Muar, irin masu yin kabad da tebur da allon garin katako, su ɗaure a kwali a kai Amurka kowa ya haɗa abinsa. Shi ya sa yake cewa rabin gidajen Amurka a kan basirarsa suke tsaye.

Mu kuwa duk mun san aikin da ya yi. Shi ne mai zuba sukuru a 'yar ledar nan da ake jefawa cikin kwali. Bai taɓa riƙe zarto a kamfanin ba. Sau ɗaya dai, da mai shara ya kwanta rashin lafiya, aka tura shi ya share ɗakin gwaji, ya ga wani inji yana matse allo biyu da aka haɗa a kusurwa har suka ce ɓaras. Tun daga ranar ba mu huta ba.

Kullum da tsiren safe a hannunsa yake mana karatu. Kayan ɗaki, in ji shi, ba ya mutuwa ta tsakiya, ta kusurwa yake mutuwa. Wannan kam gaskiya ce, kuma da a nan ya tsaya da mun zauna lafiya. Amma sai ya ƙara da cewa kamfanoni rowa ce ke damunsu, sukuru biyu kacal suke ba kusurwa guda, shi da hannunsa ya sha zubawa a leda ransa na ƙuna. Duk wanda ya faɗi ƙasa kuwa tsincewa yake yi ya kawo gida, har ya cika gwangwanayen biskit ya jera a ƙarƙashin gado. Yana jiran ranar da duniya za ta ga abin da ya sa wa suna Haɗin Tukiran.

Ranar ta zo da aka sa auren 'yarsa Suhaila, wadda ita kaɗai Allah ya ba shi, da Masrom direban motar kifi. Masrom yaron kirki ne, ba ya ɗaga murya, sai dai in ya shigo ƙofa haske yakan ɗauke na ɗan lokaci. Kak Zaiton, mai yi wa amaren garinmu kwalliya, ta zo gidan da hotunan pelamin a wayarta, wato karagar da ango da amarya ke zama a kai ranar biki jama'a na kallonsu, don a zaɓi wadda za a ɗauka haya. Wak Tukiran ya karɓi wayar, ya riƙa buɗa kowane hoto da yatsu biyu, ba furanni yake dubawa ba, kusurwa yake nema.

"Wannan sukuru nawa ne a nan?" ya tambaya.

Kak Zaiton ta ce ita amare take lissafawa, kuma babu wadda ta taɓa faɗowa.

Ya mayar mata da wayarta, ya ce 'yar injiniya ba za ta zauna a kan kayan haya ba, shi zai gina karagar da kansa. Matarsa Mak Poniah ta ajiye faifan shinkafar da take tsincewa ta tuna masa da kantar kwanukan da ya kafa mata a kicin, wadda ta sa har yau suke shan shayi a kofin roba. Ya ce wannan laifin bango ne.

Suhaila ba ta yi masa gardama ba, don ta san ubanta. Da yamma ta same shi yana jawo gwangwanayensa daga ƙarƙashin gado, ta durƙusa kusa da shi. Ta tuna masa ranar da ta sauke Alƙur'ani yana kan rufin masallaci yana gyaran lasifikar da shi ya lalata. Ta tuna masa ranar da ta gama makaranta yana kwance ƙarƙashin motar hayar da ya ce direbanta bai iya ba.

"Pak, ka gina duk abin da za ka gina," ta ce, don Pak ake kiran uba a garinmu. "Abu ɗaya nake roƙo. In an zo yayyafa mana ruwan albarka aka kira uban amarya, ina so in ɗaga kai in gan ka tsaye a gabana."

Maganar ta taɓa shi ƙwarai, don duk cika bakinsa yarinyar nan ita ce ransa. Ya dafa kanta ya rantse cewa ko sama za ta faɗo yana nan. Sannan ya tambaye ta ko ta san nauyin Masrom.

Ba a jima ba sai ga motar ɗaukar kaya ta sauke alluna a ƙofar gidan, irin waɗanda kamfani ya ƙi saboda gefensu ya ɓantare. Ya sa aka tura su ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da gidan ke tsaye a kai. Mak Poniah ta leƙo ta taga ta ce masa wata ya kusa cika, ruwan teku zai turo magudana, ga sama ta yi baƙi. Ya ce allon da ke tsallake teku ya je Amurka ba ruwan Parit Kromo ne zai ba shi tsoro ba.

Ruwa ya sauka, teku ta turo, magudana ta cika ta shigo ƙarƙashin gida ta kwana. Da gari ya waye gindin kowane allo ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, in ka sa yatsa sai ya nutse. Maƙwabta suka taru a bakin hanya suna masa jaje da fuskokin da ba na jaje ba. Wak Tukiran ya ari zarto, ya yanke duk inda ya kumbura, karaga ta rage tsawo da kamu guda tun ba a fara ta ba. Ya ce dama haka ya tsara, yanzu a ƙasar Japan gajeriyar kujera ake yayi.

Tsarin nasa ba ƙarami ba ne. Dandamali a ƙasa, doguwar kujera mai cin mutum biyu a kai, dogon allo a baya ya fi tsayin mutum, da fukafukai biyu dama da hagu, duk a haɗe da juna. A kowace kusurwa ya jera sukuru kusa da kusa kamar haƙoran mataji, yana ɗaura su kai tsaye a cikin kaurin allon. Allon garin katako kuwa fuskarsa ce mai tauri, cikinsa gari ne da gam. Kafin ya kai ƙarshen layi gefen ya tsage gida biyu. Ya ƙara wasu sukurun don su riƙe tsagar, ya cusa gam, ya shafe da fenti ruwan zinariya, ya ja baya yana kallo baki har kunne.

Sai batun gwaji. Ya ce a kamfani inji ke gwadawa, amma shi ba ya yarda da inji, mutum yake so. Ya aika aka kira abokinsa na ƙuruciya Wak Sarpan, tsohon direban bas, wanda mai rumfar kofi ta ware wa benci nasa shi kaɗai bayan abin da ya faru da kujerun roba. 'Yan rumfar kofi suka biyo shi da kofunansu a hannu.

Wak Sarpan ya zagaya karagar, ya yi bisimilla, ya ɗosana mazaunansa a hankali. Kujera ta yi wani dogon kuka daga dama ya tafi hagu.

"Kun ji ko?" in ji Wak Tukiran. "Sukuru ne ke gyara zama."

"Ran," in ji Wak Sarpan, wanda haka yake gajarta sunan Tukiran, "ni a bas in na ji irin wannan ƙara fasinja nake saukewa."

"Bas ɗinka ai ba ni na haɗa ta ba. Jingina, Pan, saki jiki."

Wak Sarpan ya ce yana da jikoki, ba zai jingina ba. Ya dafa hannun kujera zai miƙe, hannun ya biyo shi. Ya tsaya riƙe da shi yana tambaya ko kyauta ce ta mai gwaji. Kafin dariya ta lafa Wak Tukiran ya zagaya ɗaya gefen ya ɓalle ɗaya hannun, ya ce kujera mai hannu ta tsofaffi ce, ango da amarya hannun juna za su riƙe.

Da jama'a suka watse ya ɗauki sukudireba ya bi kowane sukuru yana ƙara ɗaure shi. Yana murɗawa yana murɗawa har ya ji sun fara juyawa sakayau ba sa kama komai. Ya kira Mak Poniah ya nuna mata, ya ce in sukuru ya kai maƙura haka yake yi, ya huta ke nan. Ta ce ita ma in haƙorinta ya fara juyawa haka sai ta san ya huta. Ya buɗe wani sabon gwangwani ya ƙara layi na biyu.

Labari ya kai kunnen dangin ango. Mahaifiyar Masrom ta aiko a tambaya cikin ladabi ko gaskiya ne karagar tana magana. Wak Tukiran ya ce a gaya mata ta zo da duk danginta, in sun so su hau gaba ɗaya. Saƙon ya isa yadda ya faɗe shi, kuma suka ɗauke shi da gaske, suka yi hayar bas.

Jajibirin biki mata suka cika gidan don aikin gayya, masu yanka albasa, masu goga kwakwa, maza na kafa rumfa suna girka manyan tukwane. Wak Tukiran ya kafe sai an ajiye karagarsa a ƙarshen fili, bayanta na kallon magudana, don masu wucewa a titi su hango ta. Aka ɗauko ta mutum shida, tana kuka suna ba ta haƙuri, aka dire ta a daidai inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa ruwa.

Kak Zaiton ta iso da kayan adonta, ta tsaya ta daɗe tana kallon kusurwoyin. Kan sukuru sun yi tsiri-tsiri a ƙarƙashin fenti. Ta tambaya ko ƙyanda ce ta kama karagar. Ya ce ado ne, kada ta taɓa. Ta ce ba za a ɗauki hoton amaryarta kusa da wannan abin kunya ba, ta sa aka saro mata kututturen ayaba ɗanye sharaf, ta yayyanka, ta ɗaure a kan kowace kusurwa ta soke furanni a jiki don kada su yi yaushi. Ta kuma bar wa matan gida saƙo su riƙa fesa musu ruwa. Matan garinmu ba sa wasa da saƙon Kak Zaiton, duk wadda ta wuce sai ta fesa.

Ranar biki Wak Tukiran ya fito cikin anko ruwan hoda da Mak Poniah ta sa aka ɗinka wa dangi, zani mai zaren zinariya ɗaure a kugu, yana tare baƙi yana jan su su ga karaga kafin su ga abinci. Yana cikin yi wa wani baƙo bayani sai aka jiyo bandiri daga bakin titi, dangin ango sun sauko daga bas. Ya waiwaya don ya yi wa aikinsa kallon ƙarshe. A kusurwar dama, ƙarƙashin furanni, ya hango haske yana wucewa ta inda bai kamata haske ya wuce ba. Allon baya ya rabu da fiffike, buɗin ya isa a zura hannu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ruga ɗaki ya kwaso kwalaben gam ɗin nan mai kamawa nan take da muke ce wa gam na giwa, ya zagaya bayan labulen da Kak Zaiton ta rataya wa karagar, ya sauka gangaren ƙafafunsa na nutsewa a laka. Ya tsiyaye kwalaben duka a cikin tsagar, ya damƙe kusurwar da hannun hagu, ya sa kafaɗa ya tokare allon. A ransa minti biyu ne ya fito.

Kafin minti biyun su cika aka zaunar da sarki da sarauniyar yini ɗaya, wato ango da amarya. Suhaila ta zauna kamar tsuntsuwa, bai ma ji ta ba. Sai Masrom ya zauna. Wak Tukiran ya ji duniya ta sauko masa a kafaɗa, ƙafafunsa suka ƙara shiga laka har idon sawu. Nan take ya gane abu ɗaya, kuma shi ne lissafi na farko da ya taɓa yi daidai: in ya saki, ango da amarya da furanni duk a cikin magudana za su ƙarasa bikin.

Masu wasan silat, faɗan gargajiya mai kama da rawa, suka shigo fili don girmama ango. Kowane tsalle suka dire sai ya bi ta ƙasa ya hau dandamali ya sauka a ƙashin bayan Wak Tukiran. Masu bandiri suka matso daf da karaga suna dukan fata da iya ƙarfinsu, ya riƙa jin sukuru na zamewa ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa laka. Ya kai bakinsa jikin allo daidai kunnen 'yarsa, ya kira ta da sunanta na gida.

"Ila. Ila, ni ne. Kada ki waiwaya."

Amarya ba ta motsi a kan karaga, ba ta dariya, idonta a ƙasa. Suhaila ta yi magana ta gefen baki. "Pak, me kake yi a nan?"

"Ina duba aiki. Ce wa mijinki ya daina jingina."

Ta zunguri Masrom, ya matsa gaba. Ƙafafun kujera na gaba, waɗanda suka sha ruwan fesa tun jiya, suka fara lotsawa, ango ya soma gajarta a idon jama'a. Wak Tukiran ya ce a gaya masa ya koma baya kaɗan. Ya koma. Ya ce ba haka da yawa ba. Haka Masrom ya riƙa gaba da baya a hankali da fuskar ladabi, har wata gwaggonsa ta ce wa ta kusa da ita yaron nan tun yana ƙarami in ya ji kiɗa ba ya iya zama.

Wak Sarpan ne mai riƙe da makirufo. Ya sanar da an zo yayyafi, za a fara da manyan dangin ango. Abin ba wuya ba ne: babba ya tsoma ɗaurin ganye a ruwan wardi, ya ɗan yayyafa a tafin hannun ango da amarya, ya zuba 'yar shinkafa da furanni, ya yi addu'a, a ba shi ƙwai mai ado ya koma ya zauna. Kowa ɗigo biyu yake yi saboda kwalliyar amarya.

Ban da Mbah Sumirah, kakar ango. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni amma hannunta bai yi ba, kuma ra'ayinta shi ne ba a yin albarka da rowa. Ta tsoma ganyen har wuyan hannu, ta watsa dama, ta watsa hagu, ta watsa sama don albarka ta sauko musu ta ka. Rabin albarkar ta tsallake allo ta sauka a ƙeyar Wak Tukiran. Da ta juya za ta tafi sandarta ta ture kwanon, ruwan ya bi ta bayan kujera ya shige daidai inda kujera ta haɗu da allo. Aka cika wani kwano. Sauran tsofaffin bas ɗin suka ga yadda Mbah ta yi, babu wanda ya yarda a ce albarkarsa ta gaza tata.

A bayan labule Wak Tukiran ya jiƙe sharkaf, yana ƙamshin wardi, allon da ke kafaɗarsa ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Sauron magudana suka gano ba shi da hannun kora, suka kira 'yan uwansu. Ya fara karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Sai ya ji muryar Wak Sarpan ta cika garin. "Yanzu kuma sai uban amarya, injiniyan Amurka, mai wannan gini da kuke gani, Wak Tukiran bin Kasan."

Aka yi tafi, aka jira. Babu wanda ya fito. Wak Sarpan ya sake kira, ya ƙara masa da wasu laƙabai. Jama'a suka fara waige-waige. Wani ya ce ya gan shi ya nufi bayan gida da gudu, Wak Sarpan kuwa ya maimaita wannan a makirufo, ya roƙi jama'a su yi wa injiniya uzuri don tun jiya yake ɗanɗana miyar biki. Mak Poniah na tsaye gefen rumfa, ta haɗe rai, kunya da fushi sun hana ta ko ƙifta ido. Dangin ango suka fara ƙus-ƙus.

"Pak," in ji Suhaila ta gefen baki. "Ka yi min alkawari."

Da ya ji haka sai ya manta da kafaɗarsa. Zuciyarsa ce ta yi masa ciwo, don ya san wannan karon ba shi da bangon da zai ɗora wa laifi.

"Ila, in na saki, ke da mijinki kuna cikin ruwa."

Ta ce, "Tun ɗazu kai ke riƙe da mu?"

"Kusurwa ce ke riƙe da ku. Ni taimaka mata nake yi."

Ya ji wani sauti ta cikin allon, bai gane ba ko kuka ne ko dariya. Sai ta ce, "To tsaya nan, ga mu nan zuwa."

Sarki da sarauniyar yini ba sa tashi daga karaga sai an gama yayyafi, kowa ya san haka. Suhaila ta kama hannun Masrom ta miƙe. Kak Zaiton ta riƙa yi mata alama da mafici ta koma ta zauna, ta yi kamar ba ta gani ba. Suka sauko daga dandamali suka nufi gefen labule.

Abin da ta manta ta gaya wa ubanta shi ne ya daina turawa. Shi kuwa ya tattara ƙarfin da ya rage masa yana tura nauyin Masrom, sai ya ji babu Masrom. Allon baya ya tafi gaba, ya ja fukafukai, ya ja kujera, ya ja labule da furanni da kututturen ayaba, ya ja Wak Tukiran. Komai ya kife a tsakiyar fili da wani sauti mai laushi, don abin ya jiƙe da yawa bai iya ko ƙara ba. Ƙwai masu ado suka gangara ƙarƙashin teburan baƙi. Masu bandiri suka tsaya da hannu a sama.

A saman tarkacen ga uban amarya rub da ciki, laka har gwiwa, babu takalmi, babu hula, fure ɗaya maƙale a kunne. Mbah Sumirah, da ba ta ga abin da ya faru sosai ba, ta tambaya da ƙarfi ko wannan ma cikin wasan silat ne. Nan dariya ta ɓarke, Wak Sarpan ya manta makirufo na bakinsa, aka ji tasa har titi.

Wak Tukiran ya miƙe a hankali. Allunansa sun koma dusa, in ka taka sai su manne a ƙafa. Amma a hannunsa na hagu ga kusurwar dama, guntun da bai wuce kamu ɗaya ba, ta yage daga allo biyun ta bar su, ita kuwa tana nan a haɗe, dunƙulen ƙarfe da gam da fenti, katakon cikinta bai kai a ambata ba. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "Kusurwa ba ta saki ba."

Mak Poniah ta ratso mutane ta zo daf da shi. "Kang," ta ce, yadda matan garinmu ke kiran miji, "ajiye wannan abin. 'Yarka na jira."

Ya juya. Suhaila na tsaye a kan ciyawa kusa da mijinta, kwalliyarta ta zube da ruwan wardi da hawaye, ta buɗe tafukanta biyu tana miƙo masa. Masrom ya tsugunna ya ɗauko kwanon yayyafi da ɗan ruwan da ya rage a ciki.

Wak Tukiran ya sunkuya zai ajiye kusurwar, ta ƙi ajiyuwa. Ya yarfe hannu, tana nan. Mak Poniah ta ja, ya yi ƙara. Wak Sarpan ya zo ya gwada, ya sanar a makirufo cewa a ƙarshe dai an samu haɗi ɗaya na Tukiran da ya kama, kuma ya roƙi kowa ya yi masa tafi.

Haka ya ƙarasa gaban 'yarsa, kusurwa manne a hagu, ya tsoma ganye da dama. Hannun ya gaji, ruwan ya zuba fiye da na Mbah Sumirah. Ya buɗe baki zai yi addu'a sai kuka ya ƙwace masa, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba a Parit Kromo. Suhaila ta ɗaga kai ta gan shi tsaye a gabanta. Ta kama hannunsa za ta sumbata kamar yadda ake yi, ta lalubi na dama yana riƙe da ganye, sai ta kama na hagu ta sumbace shi da kusurwar da komai.

Mai hoto bai bari ta wuce shi ba. Hoton yana nan a falon Mak Poniah, ango da amarya tsaye a kan ciyawa, tsakaninsu wani mutum mai laka yana kuka da guntun katako a hannu. Da aka wanko hoton Wak Tukiran ya ce zai yi masa firam da kansa. Suhaila ta ce a'a, Pak, wannan a hannu za mu riƙe shi har mu je kanti.